Wa ya ce a cire Snell? A zo mu yi ta da baiti

Ɗan Tampa:
Wasa na 6 na World Series (zagayen ƙarshe na gasar baseball ta Amurka) na 2020 nake nufi, Rays ɗinmu na Tampa da Dodgers, inda kocinmu Kevin Cash ya cire majefinmu Snell. Mai ja ya fito.

Har yau zuciyata tana tafasa,
Kevin Cash ne ya kashe mana gasa,
Snell na jifa, Dodgers duk sun kasa,
Mutum tara ya kora, ya kai su ƙasa,
Jifa 73 kacal aka ce ya sauka.

Baban Walid:
Ƙanena, 2020 ta daɗe da wucewa,
Kai kaɗai ka rage wajen kokawa.
In mai sanda ya ga majefi sau uku,
Ya karance hannunsa, saura bugawa.
Lissafin da ya kai Rays wasan ƙarshe,
Shi Cash ya riƙe, ba ya canzawa.

Ɗan Tampa:
Yaya, lissafinka na takarda ne,
Betts da Seager da Turner shaida ne,
Sau biyu-biyu ya kore su, sananne ne,
Anderson da aka kawo gajiyayye ne,
Muna gaba 1-0, aka tashi 3-1, sai kuka.

Mai Goro:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Tampa! Baban Walid fa ɗan Dodgers ne, ba dole ya yabi Cash ba? Ai shi ya miƙa musu kofi.

Gwaggon Yara:
'Ya'yana, ku bar Snell, ga yaro ku dube shi,
Skenes na Pirates, a 2023 aka ɗauko shi,
A Milwaukee zagaye bakwai ba wanda ya taɓa shi,
Jifa 99 koci ya ce ya isa haka, ya zaunar da shi,
Na yaba, gwiwar hannu ba ta da madadi.

Malam Na Baya:
Gwaggo, a gafarce ni, maimaita "shi" sau huɗu ba amsa-amo ba ne. Ɗango na huɗu kuma ya yi tsawo, kari ya karye.

Baban Walid:
To Malam, da Ɗan Tampa ya jero "ne" sau huɗu ina kake? Ko sai kan Gwaggo idonka ya buɗe?

Malam Na Baya:
Nasa ma gurgu ne. Amma yawan gaɓoɓinsa bai yi nisa da juna ba.

Gwaggon Yara:
Malam mai awo, ina naka baiti?
Kullum gyara kake, ba ka da saiti,
Kawo ƙwar biyar mu gani a fili,
In ka iya, ni zan fara tafi.

Mai Goro:
Gwaggo ta gama magana!

Ɗan Tampa:
Sai yanzu na dawo daga aiki. Gwaggo, ga taki, kan Strasburg, majefin Nationals:

Strasburg a 2012 an ce ya huta,
Nationals na ganiya aka katse ta,
Cardinals suka zo suka kore ta,
Tattalin hannu ne ya kashe shekarar, ya binne ta,
Wa zai biya masoya wannan wahala?

Gwaggon Yara:
Ɗana, ka tsaya a 2012 ka ƙi gaba,
Yaron da aka yi wa tiyata a 2010 ka duba,
2019 shi ne gwarzon World Series,
Da an ƙarar da jijiyar, da bai kai nan ba.

Malam Na Baya:
Ɗan Tampa, ɗangon ƙarshe ya kamata ya faɗa kan "ka" kamar "sauka" da "kuka". Ina ka samo "wahala"?

Baban Walid:
Malam, Gwaggo na jiran ƙwar biyar ɗinka.