Ciwon suga ne ya hana mu haihuwa ko wani abu ne daban?

Ɓoyayyen memba: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 41, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Matata ta fari ta haifa min 'ya a 2013, daga baya muka rabu. Yayarta ce ta shiga tsakaninmu, kullum tana gidan tana zuga ta, har kayan ɗaki ta zo ta kwashe ba na nan, ni ma zuciya ta ɗebe ni. A 2019 na fara tashi fitsari sau biyar cikin dare, ga ƙishirwa, wandunana duk suka yi min yawa. Aka gwada aka ce suga ne, aka ɗora ni kan metformin. Na sake aure a 2021, har yau matata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An duba ta, an ce lafiyarta ƙalau. Hajiyarmu ita take ɗora wa laifi, shekaranjiya na tarar da matar tawa tana wanke-wanke tana share hawaye da gefen zani. Abin da ban faɗa wa kowa ba, sha'awata ta ragu, ƙarfina ba kamar da ba, wani lokaci kusan ba abin da ke fita, sai fitsarin da zan yi bayan nan ya zo fari-fari. Suga na jawo haka?

Baban Sadik: Alhaji jininku ne bai haɗu ba. Tunda ka taɓa haihuwa ka ƙara aure kawai.

Maman Ilham: Kun ji irinta ko? Shekara bakwai dangin mijina suna kirana juya, ba jiƙon da ban sha ba, har ƙwai aka ba ni ɗanye da asuba. Ranar da ya yarda aka gwada shi, ashe daga wajensa ne. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri.

Malam Nas: Ɗan'uwa, aikin jinya nake yi, ka saurare ni. Suga in ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini, shi ke rage ƙarfin gaba. Yana kuma raunana jijiyar da ke rufe bakin mafitsara lokacin inzali, sai maniyyi ya koma ciki ya fito tare da fitsari. Farin fitsarin nan naka ya yi kama da haka. Masu suga da yawa, musamman masu teɓa, sinadarin mazakuta da ake kira testosterone yana ƙasa a jikinsu, shi ya sa sha'awa ke raguwa. Ka je wurin likitan mafitsara: gwajin maniyyi bayan ƙauracewa iyali kwana 2 zuwa 7, gwajin fitsari bayan inzali, testosterone da sassafe, da HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ana so ya sauka ƙasa da kashi 7. Nawa sugarka a awon ƙarshe?

Ɓoyayyen memba: Na kwana biyu ban auna ba. Maganin ma na ajiye shi wata takwas, don tun da na fara shi nake jin kasala. Yanzu haɗin zuma da dabino da habbatus sauda nake sha. Kuma ni da na haihu, me zai kai ni ɗakin gwaji da kwalba a hannu?

Malam Nas: Haihuwar 2013 ai kafin suga ce! Zuma da dabino safe da yamma ba magani, suga kake ƙara wa kanka. Ka koma asibiti gobe, in maganin bai karɓe ka ba a canza. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta nuna, ko ka gyara yau sai ka ba shi wata uku.

Ɗan Fagge: Ni allurar testosterone wani mai kemis ya yi min, sati biyu na dawo kamar saurayi.

Malam Nas: Kul! Allurar nan tana sa maraina su daina yin maniyyi. Mai neman haihuwa ba ya kusantarta.

Baban Sadik: Ku dai a bincika yayar tsohuwar matar nan. A haɗa da ruƙiyya.

Ɓoyayyen memba: Na gode duka, Allah Ya saka. Zumar nan dai wani aminina ya sha ya dace, zan ƙarasa wadda na saya tukuna. Malam Nas, ba gwajin jini kaɗai da zai nuna komai?

Maman Ilham: Ita baiwar Allahn da ke kuka, ka faɗa mata abin da ka faɗa mana?