Hannun da Ya Riƙe Bindiga Zai Karɓi Gurasa?

Tsohon Saje:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Shekara 22 na yi cikin kaki, 4 daga ciki a Borno. Yau shekara 7 ke nan rabona da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Na kasa faɗa wa fastonmu dalili, shi ya sa na sa shi a baiti. Mai amsa ya amsa min da waƙa.

Da sunan Uba nake buɗe baki,
Shi da ya san abin da ke raina.

Wata asuba aka yo mana kwanto,
Ƙura ta tashi ta rufe idona.

Na ga mutum da bindiga ya taso,
Na riga shi harbi da hannuna.

Da gari ya waye na je na duba,
Ashe yaro ne, sa'an ɗana.

Takalmin roba guda a ƙafarsa,
Ɗayan yana yashe a gabana.

Oga ya dafa ni ya ce madalla,
Ni ko tun ranar na rasa barcina.

Ran Lahadi in an ɗaga ƙoƙo,
Jini nake gani a tafina.

Ku da kuka san Littafi ku gaya min,
Gafara za ta kai ga irina?

Malamin Lahadi:
Baba Saje, share hawayenka,
Amsa na nan a Littafi Mai Tsarki.

Sojoji sun tambayi Yahaya a Luka 3,
Ya bar su kowa a bakin aiki.

Ya ce ban da ƙwace, ban da ƙazafi,
Albashinku ya ishe ku a bariki.

Jarumin Roma na Kafarnahum fa?
Bangaskiyarsa ta ba Yesu mamaki.

Karniliyus na Kaisariya soja ne,
A gidansa aka ga saukar Ruhu Mai Tsarki.

Bulus a Romawa 13 ya ce
Ba banza ba takobi ke hannun sarki.

Kai garkuwa ka zame wa ƙauye,
Ka tare wa marayu ƙofar ɗaki.

'Yar Garkida:
Ni 'yar EYN ce, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Tun muna yara koyarwar salama aka shayar da mu. Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba.

Malam, ka karanta rabin shafi,
Ga sauran da ka yi mantuwa.

A Getsamani Bitrus ya zare takobi,
Yesu ya ce a kube a yi mayarwa.

Mai ɗaukar takobi, in ji Ubangiji,
Da takobin za ya yi faɗuwa.

Dawuda ya so ya gina Haikali,
Jinin da ya zubar ya yi hanawa.

A Tebessa, a 295, Maksimiliyan
Ya ƙi shiga soja, ya rungumi mutuwa.

A gindin tsamiya aka fara sujada,
A 1923, Garkida ta 'Yan'uwa.

A 2014 an kwashe 'ya'yanmu a Cibok,
Kwarhi, hedkwatarmu, ta faɗi, muka yi watsewa.

Ikilisiya ba ta ce mu rama ba,
Romawa 12: ta Allah ce ramuwa.

Amma Baba, kar ka ce na jefe ka,
Masu kaki suka fito da mu daga dawa.

Ina ƙin takobi, ina gode maka,
Biyun nan har yau na kasa haɗawa.

Malamin Lahadi:
'Yar'uwa, tunda kin kawo Dawuda,
Shi ne ya sa aka tura Uriya ya mutu a yaƙi.

Ya tuba, Natan ya ce an yafe,
Zabura 51 ta fito masa daga ciki.

In mai gangancin nan ya sami jinƙai,
Bare wanda aka farmaka a bakin aiki?

Tsohon Saje:
Na gode, 'ya'yana, amma ku saurara,
Kun bar ciwon, kuna taɓa gefena.

Kuna gardama a kan halaccin kaki,
Ni takalmin nan ne ke bi na.

Ko doka ta ce ba ni da laifi,
Wa zai kai wa uwarsa saƙona?

Wataƙila kama shi aka yi a gona,
Aka ba shi bindiga ya zo gabana.

Tsohon Fasto:
Saje, ɗana, na karanta baitinka sau uku kafin in ɗauki alƙalami. Na binne sojoji, na kuma binne waɗanda bindiga ta kashe, don haka ba da wasa nake amsa maka ba. Nauyin nan da kake ji shaida ce zuciyarka ba ta mutu a daji ba.

Ɗana, ba kai ka fara wannan kuka ba,
Iyayen ikilisiya sun yi shawara.

Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4,
Bai kira soja mai kisan kai ba, ka lura.

Amma ya ce wanda ya zub da jini a daga
Ya dakata da Jibi shekara 3, ya jira.

Ya san hannu na son lokacin kuka,
Kai ka yi 7, me kuma ya yi saura?

Agustin ya rubuta wa kwamanda Bonifas:
Salama ka so, yaƙi sai tilas ta yi kira.

To su wa suka buga ƙusa a Golgota?
Sojoji ne, oda ce a kansu aka ɗora.

Suna ƙuri'a a kan rigarsa,
Shi ko yana roƙa musu gafara.

Shugabansu ya ga yadda ya mutu,
Ya ce Ɗan Allah ne, ya faɗa ƙarara.

Jinin da ke ƙoƙon ya fi na tafinka,
Don masu irin hannunka ya kwarara.

Uwar yaron, Allah ya san ƙofarta,
Ka sa ta a addu'a, gobe ka ƙara.

Marayun yaƙin na nan a sansani,
Ka ɗauki guda, rayuwarsa ka gyara.

Kar ka ɗauka biyan bashi nake aika ka. Alheri kyauta ne, ba a sayensa. Na ce ka yi ne don hannun da aka wanke yana son abin riƙewa.

'Yar Garkida:
Baba Fasto, ban sauka daga ra'ayina ba,
Ɗana ba zan kai shi soja da yardata ba kuwa.

Amma in Baba Saje ya zo teburi,
Ni zan matsa masa, in ba shi wurin tsayawa.

Tsohon Saje:
Baba Fasto, ka taɓa inda ke ciwo,
Na yi kuka har na jiƙa gemuna.

Ban taɓa lura da sojojin Golgota ba,
Ashe tun can an ambaci irina.

Gobe da yamma zan je gidan fastonmu,
In faɗa masa duka da bakina.

Takalmin, na sani, ba zai ɓace ba,
Zan tafi da shi in ajiye gaban Ubangijina.

Matata ta goge min farar riga,
Ta ce Lahadi za ta zauna a gefena.

'Yata ta Garkida, ki sa ni a addu'a,
In an miƙo gurasa in buɗe tafina.