Wane rukunin almara labarina ya faɗa, kuma laifi ne a gauraya?

Ummi_TudunWada

Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina da tsarin wani labarin almara, irin wanda ake kira fantasi, ina so in san rukuninsa kafin in yi nisa. A taƙaice, wata ɗaliba ce a Tudun Wada ta gano cewa kowace ƙofa ta ganuwar Zazzau tana da aljanin da ke gadinta, kuma mai gadin Ƙofar Doka ya ɓace. Garin nemansa ta bi wani kogo a Dutsen Kufena, ta faɗa wata duniya inda masarautu uku ke yaƙi. A can akwai ɗan sarkin da suka kamu da son juna. Rukunan nan nawa ne, me ke raba su, kuma in an haɗa biyu ko uku a littafi ɗaya me ke lalacewa?

Malam Bazazzage

Wa alaikumus salam Ummi. Rukunan ba su da adadi tsayayye, masu buga littattafai da masu sayarwa ne ke ƙara su don mai saye ya san abin da ya ɗauka. Abu uku ne dai ke raba su: a ina labarin ke faruwa, wa ya san akwai sihiri, sannan me za a rasa in jaruma ta faɗi.

In duniyar ƙagaggiya ce ɗungurungum, da taswirarta da sarakunanta da tarihinta, kuma ƙasa guda ce za ta halaka in an sha kaye, wannan almarar daula ce. Tolkien ne ya kafa mata tsari da littafinsa mai juzu'i uku da ya fito a 1954 da 1955. Tana buƙatar 'yan cikin labari da yawa, galibi ana bin labarin ta idon mutum uku zuwa biyar, kuma da wuya ta kammala a ƙasa da kalma dubu ɗari. Kusa da ita akwai almarar takobi da tsafi, wadda ta fito kasuwa kafin littafin Tolkien, don gajerun labaran Conan na Robert E. Howard sun fara fita a wata mujallar Amurka tun 1932. Sadauki ɗaya ne, yana neman dukiya ko fansa ko tsira da ransa, matsafi ne abokin gabarsa, ba ruwansa da ceton duniya. Yawancin littattafan yaƙi da muka saba saye a kasuwa nan suka fi kusa, komai yawan birane da dakarun da aka lissafa a ciki.

In mutumin duniyarmu ne ya bi ta wata kafa ya faɗa wata duniya, almarar ƙetarawa ke nan, kamar yaran da suka shiga duniyar Narnia ta kabad ɗin tufafi a wani littafin 1950. Daɗinta shi ne jaruma baƙuwa ce, duk bayanin da aka yi mata an yi wa mai karatu. Inda take ɓaci kuwa, jaruma ta koma 'yar kallo, a yi babi biyar ana zagayawa da ita fada da kasuwa ba ta yanke shawarar komai ba.

In kuma sihirin yana cikin garin da muka sani, a ɓoye, almarar cikin gari ce. Ita kusan kullum a kan bincike take tafiya, wani ya ɓace ko an kashe shi, ana bin sawu. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsauri: sai kin faɗi dalilin da ya sa mai shayin PZ da ɗan acaɓan Kwangila ba su san abin da ke gudana ba. Kada ki rikita ta da salon García Márquez ko na Ben Okri, wanda ya ci kyautar Booker a 1991, inda abin al'ajabi ke faruwa kowa ya ci gaba da harkarsa, ba doka ba bayani. Wancan hanya ce daban.

Naki ya fara a matsayin almarar cikin gari, ya ƙetara, ya faɗa almarar daula, ga soyayya a gefe. Haɗawa ba laifi ba ce, amma babi uku na farko alkawari kika yi wa mai karatu. Wanda kika kama da ɓatan mai gadin Ƙofar Doka zai ji an yaudare shi in ya tsinci kansa a yaƙin wasu sarakuna da bai san su ba. Ki zaɓi ɗaya ya zama kashin bayan labarin, sauran su yi masa hidima.

Anti Binta (Kongo)

Malam ya gama da rabe-rabe, ni a kan sihirin zan tsaya, don nan ne labaran irin naki suka fi mutuwa.

Brandon Sanderson ya rubuta wata ƙa'ida a 2007 da marubuta ke yawan komawa gare ta: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin, gwargwadon yadda marubuci ke da damar warware matsala da shi. Almarar cikin gari tana son sihiri mai doka, saboda bincike ba ya yiwuwa in komai na iya faruwa. Kafin ki rubuta babi na ɗaya, ɗauki takarda guda ki amsa: me sihirin ke yi, me ba ya iyawa, me ake biya, wa ke iya riƙe shi, ta ina ake karya shi. In amsar ta wuce shafi ɗaya, ya yi yawa.

Mu kuma kayan aikin a gida suke. Layar zana, sagau, maganin ƙarfe na 'yan tauri, kurciya, duk mai karatun Hausa ya san aikin kowanne ba sai kin ɓata shafi ba. Abin da ya rage miki shi ne ki sa iyaka. Misali, ki ce layar zanar jarumarki tana ɓoye jiki amma ba ta ɓoye sawu a ƙasa, kuma duk amfani ɗaya tana mantar da ita sunan mutum ɗaya da ta sani. A babi na huɗu ki nuna ta shige gaban masu gadi lafiya, ta dawo gida ta tsaya tana kallon ƙanenta ta rasa da wane suna za ta kira shi. A babi na ashirin, ranar da aka yi ruwa ƙasa ta jiƙe, mai karatu da kansa zai ce ta shiga uku tun kafin ki faɗa. In ba ki shuka dokar da wuri ba, duk abin da ya cece ta a ƙarshe za a ce marubuciya ce ta cece ta.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su koya miki ba. Mai karatun Ingila bai yarda akwai halittun da ke cikin almararsa ba. Naki ya yarda akwai aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Saboda haka da zarar aljani ya bayyana a wani lungu na Tudun Wada, abu biyu ke faruwa. Labarin ya fara zamewa zuwa na ban tsoro ko ba ki yi niyya ba, sannan mai karatu ya tambaya me ya hana a kira mai ruƙiyya. Marubuta da yawa sukan bar tambayar har babin ƙarshe, sai wani malami da ba a taɓa gani ba ya shigo ya yi karatu, komai ya ƙone, a rufe littafi. Aibin a nan shi ne jarumar da aka bi tun farko ba ta taɓuka komai ba. Tsarinki yana da mafita mai kyau: ki sa masu gadin ƙofofin Musulmin aljanu ne da ke riƙe da wata tsohuwar amana. Kin ga ke nan ba korar su ake son yi ba, nemo ɗayansu ake yi, ruƙiyya ba ta da aiki a nan. Nnedi Okorafor ma don irin wannan bambanci ta ware wa almarar da ta tsiro daga imanin mutanen Afirka suna na daban.

In za ki ari sunayen bori, irin su Sarkin Rafi, Ɗan Galadima ko Inna, ki sani kowanne da halinsa sananne, masu sani za su kama ki in kin sauya. Ƙago naki ya fi sauƙi. Kada kuma ki liƙa maita ga wata unguwa ko zuri'a ta gaske.

Ɗan Kwarbai

Ni zan ɗan saɓa wa Malam, Allah ya ba shi haƙuri. Ya ce a zaɓi kashin baya a riƙe sauran, ni cewa nake ƙanwata ta yanke duniya ta biyun gaba ɗaya, ko ta rage ta ƙwarai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Masarautu uku na nufin sai kin san abin da kowacce ke ci, me take sayarwa, wa ke naɗa sarki, me suke bauta wa, kuma a kan me ake yaƙin. Wannan na bautar shi ya fi wuya a wurinmu, domin in kin ƙago alloli wasu masu karatu za su ajiye littafin, in kin yi shiru duniyar ta zama fanko. Ga kuma lissafin da masu rubuta yaƙi ke tsallakewa. Daga Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne. Ayarin jakuna da 'yan ƙasa yana cin kamar kilomita 25 a yini, kwana shida ke nan. Mahayi na iya yin 40 zuwa 50 in ba ya son kashe dokinsa. Doki kuma yana shan ruwa kimanin lita 30 a rana, ya fi haka da zafi, wato dawaki dubu sai an samo musu lita 30,000 kullum, ban da ingirici da hatsi. Shi ya sa a ƙasar Hausa bayan girbi ake fita yaƙi, lokacin da rumbuna ke cike, manoma sun sami hannu, rafuka sun janye ana iya haye su. Marubucin da ya tura dakaru dubu ɗari biyar cikin daji kwana arba'in babu rijiya babu guzuri, mai karatu mai lura ya daina yarda da shi daga nan.

In yaƙi da sarauta kike so, akwai rukunin da Malam bai ambata ba, almarar tarihi. Kogon Kufena ya kai ta Zazzau ta dā maimakon wata duniya. Turunku, tsohuwar cibiyar sarautar Zazzau, na nan, ganuwa na nan, zamanin Sarauniya Amina wanda galibi ake sanyawa a ƙarni na 16 yana cike da giɓin da tarihi bai cike ba. Sarautu a shirye suke, Galadima, Madaki, Wambai, Dallatu. Sulke, lifidi, kwalkwali, kakaki, ba wanda za ki yi wa bayaninsu. Ko ki ɗauki 1808, shekarar da Sarki Makau ya bar birnin ya yi kudu, ki tambaya me ya sami masu gadin ƙofofi a daren. Dokar wannan rukuni ita ce abin da tarihi ya tabbatar a bar shi yadda yake, sihiri ya shiga inda aka yi shiru.

Gauraya tarihi da aljanu ma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki da yaƙin Turawa na gaske ya fara kafin ya kutsa ƙasashen aljanu. Ki sake duba su ki ga saurin tafiyarsu.

Ummi_TudunWada

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na karkata ga shawarar Yaya Ɗan Kwarbai, kogon ya kai ta Zazzau ta dā. To soyayyar fa, a cire ta? Kuma shafi-shafi nake son in riƙa sakewa a WhatsApp da Wattpad.

Maman Haidar (Samaru)

Ba sai kin cire ba, 'yar uwa, gwada ta za ki yi. Ki zare ɗan sarkin daga tsarin labarin ki duba. In komai ya rushe, to almarar soyayya kike rubutawa, rukunin da littattafan Sarah J. Maas suka ɗaga daga 2015, ya ƙara bunƙasa da na Rebecca Yarros a 2023. Masu karanta shi suna son masoyan su haɗu cikin babi ukun farko, suna kuma son a ƙare suna tare. In kuwa labarin ya tsaya da ƙafarsa ba shi, soyayyar reshe ce, kada ta ci fiye da kwata na shafukan, kuma ki ba shi aiki a binciken, ko ya san wani abu game da mai gadin da yake ɓoyewa.

Abin da ke kashe irin wannan labari a guruf-guruf ɗinmu sananne ne. Masu sharhi sun fi yin magana a kan shafukan soyayya, marubuciya ta bi su, zuwa shafi na ashirin an koma kishi da gulmar fada, mai gadin Ƙofar Doka ya ɓace a labari ya kuma ɓace a zuciyar mai rubutu. Maganinsa ki rubuta shafi goma ki ajiye kafin ki saki na farko, kowanne kalma 1,500 zuwa 2,000, kuma kada shafi ya fita sai ya ƙara wani abu a kan neman, ko da alama ɗaya ce.

Ki kuma tsayar da nauyin labarin tun yanzu. Akwai almara mai duhu, salon da George R. R. Martin ya yaɗa daga 1996, inda nagari ke mutuwa mugu ya ci riba. Akwai kishiyarta mai sanyi, inda babban abin da ake tsoro shi ne kada shago ya durƙushe. Wadda ta shigo don soyayya ba za ta yafe miki ba in kin yanka ɗan sarkin a shafi na talatin babu gargaɗi, don haka ki rubuta rukunin a saman shafi na ɗaya, layi biyu sun isa.

Ƙofofin ma kada ki ba dukansu aljani mai suna da tarihi, mai karatu a waya ba ya riƙe sabbin sunaye fiye da biyu ko uku a shafi. Ɗauki huɗu, misali Doka, Gayan, Kuyambana da Tukur-Tukur, ki bambanta su da murya da abin da kowanne ke karɓa kafin ya buɗe baki. Sauran ki ambace su a wucewa, in littafi na biyu ya zo kya buɗe su.