Neman shawara: ƙugiyar kamun tarwaɗa daga kwalekwale a madatsar Tiga

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masunta. Mahaifinmu ya rasu bara, kwalekwalensa ya faɗo cikin gado, 'yan'uwana suka so a sayar a raba kuɗin, ni kuwa na ƙi, har sai da na ci bashi a wurin surukina na fanshi rabonsu, kuma har yau ban gama biya ba. Yanzu ina fita fatsa a Tiga, ina jin kifi yana taɓa zare, amma idan na ja sai in tarar an cinye abincin, ƙugiya ta fito fayau. Wace ƙugiya ce ta dace da tarwaɗa? Hankalina a tashe yake.

Masunci daga Yawuri: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ka faɗi lambar ƙugiyarka ba, ba ka faɗi abin da kake sa mata ba, amma na san ciwon: ƙugiyarka ta yi girma. A lissafin ƙugiya, idan lamba ta hau girma yana raguwa, wato lamba 12 ta fi lamba 7 ƙanƙanta. Abin da ke cinye maka tana ƙananan kifaye ne, kurungu da ƙananan karfasa, bakinsu ba ya ɗaukar babbar ƙugiya. Ka sayi lamba 10 ko 11, ka shimfiɗa mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, da magariba, ka sa masa dalma ya kwanta a ƙasa, domin tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, da dare, da gashin bakinta take lalubo abinci.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Lamba 6 nake amfani da ita, kuma da gangan na zaɓe ta, domin ramboshi nake nema, wato babban kifin nan dangin tarwaɗa, shi ne mai kuɗi a kasuwa. Da irinta mahaifina ya yi sana'a.

Mamba daga Nguru: Ni ban ga laifin lambarka ba, Malam. Ka duba ƙarfen, domin jabun ƙugiyoyi sun cika kasuwa cikin kwalin kamfanin ƙugiya na Mustad, babban kifi yana fizga sai su miƙe. Mu nan ma ciyawar kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa, wurin da muke shimfiɗa mamari a da yanzu kwalekwale ba ya shiga, kuma babu mai waiwayarmu.

Wani mamba: Ka gwada ƙugiya mai lanƙwasasshen baki zuwa ciki. Ba a fizgarta, ana barin kifi ya tafi da zaren, ita da kanta take kama gefen baki. Ka sa yankan kifi ko hanjin kaza maimakon tana.

Masunci daga Yawuri: Wannan shawarar masu kamun nishaɗi ce. Mai bashi a wuya ba ya zaman jiran kifi ɗaya. Tarwaɗa matsakaiciya mai cika kwando ta fi ramboshin da ba a kama ba, kuma a lokacin hunturu kifi yana rage ci, ko wace ƙugiya ka sa.

Mai tambaya: Baba, mamari yana bukatar ƙugiyoyi masu yawa da zare, ba ni da kuɗinsu yanzu, kuma ana sace shi da dare a wajenmu. Shin akwai wanda ya taɓa kama ramboshi da lamba 6 a Tiga, kuma a wane gefen ruwan?