Gwarzo ɗaya ko tawaga gaba ɗaya: muhawarar masu wasannin bidiyo na faɗa

Sadiq: Jama'a, ni fa har yanzu ina kan bakata. A wasan faɗa na uku-uku, inda kowa yake shiga da gwaraza uku, ka ƙware a gwarzo ɗaya ka san shi ciki da waje, ka ajiye shi a ƙarshe, sauran biyun su cike gurbi. Wasannin ma haka suka tsara abin. A King of Fighters XV na farko mita uku kawai yake iya tarawa (mita ita ce ƙarfin da ake tarawa don manyan hare-hare), na biyu huɗu, na ƙarshe biyar. A Dragon Ball FighterZ kuma Sparking Blast, ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, ya fi daɗewa in saura mutum ɗaya gare ka.

Hauwa: Yaya Sadiq, to mita biyar ɗin wa zai tara maka? Abin da na farko ya bari shi na biyu yake gada. In biyunka suka faɗi ba su taɓuka komai ba, Iori ɗinka, gwarzon da ka ajiye a ƙarshe, zai shigo ya tarar da mutum uku a layi, kuma ɗan jinin da ake mayar masa bayan kowane zagaye bai taka kara ya karya ba.

Sadiq: Ƙanwata, je ki kalli Justin Wong da Yipes a Evo ta 2007, babbar gasar wasannin faɗa, a wasan Marvel vs. Capcom 2. Gwarzo ɗaya, Cyclops, kaɗai ya rage wa Justin, ya share tawagar Yipes duka.

Bashir: Malam Sadiq, ai dalilin da ya sa har yau ake yawo da bidiyon ke nan, ba kullum ake ganin irinsa ba. Kuma Justin ba Cyclops kaɗai ya iya ba. Ga misalin da ya fi kusa da maganarka: Viscant ya ci Evo 2011 a Marvel vs. Capcom 3 da Phoenix a ƙarshe. Amma dubi yadda abin yake tafiya. Phoenix jininta kaɗan ne, kuma ba ta rikiɗa ta zama Dark Phoenix, siffarta mai ƙarfi, sai an kashe ta tana da mita biyar cif. Kenan Wesker da Haggar, biyun farko a tawagar Viscant, su ne suke faɗan, hannu a ɗaure, ba su da damar kashe mita ko ɗaya. Abokin karawa kuwa yana da dukan da yake fitar da na gaba ya jawo ta fili dole tun mitar ba ta cika ba. Kombo ɗaya, wato jerin duka ba yankewa, ta tafi. Wanda bai iya biyun farko ba, a nan wasansa ya ƙare.

Nura: Ni ina bayan Sadiq. Luffy ya ci Evo 2014 a Street Fighter da Rose, Rangchu ya ɗauki kofin Tekken World Tour na 2018 da Panda, dabbar da ake yi wa dariya. Riƙon abu ɗaya yana biya.

Hauwa: Nura, Street Fighter da Tekken ɗaya-da-ɗaya ne, ka sauya mana fili. A can babu kiran agaji, wato kiran abokin tawaga ya kawo duka. A FighterZ kuwa kombonka da matsin lambarka da agajin abokan suke tafiya, in sun mutu an rage maka hannu.

Nura: Skullgirls fa? Wasan tawaga ne, amma ya yarda ka shiga da mutum ɗaya, ya ƙara masa jini da ƙarfin duka.

Bashir: Ya ƙara masa ne don ya san an tauye shi. Ba agaji, ba sauyi, ba wanda zai koma baya ya huta jininsa ya dawo.

Sadiq: Duk na ji. Amma sabon shiga da ya raba lokacinsa uku, ukun zai iya rabi-rabi. Gara ya fara da ɗaya.

Hauwa: Ya fara da ɗaya, wannan na yarda. Ɗazu cewa ka yi ya tsaya a kansa. Yau da dare ka sa Iori a gaba mu kara, in ga me biyun bayan za su yi da mita biyar ɗin.

Sadiq: Iori ba ya buɗe fage. Ki dai zo.