Kuɗin horon fareti na neman raba kan kwamitinmu, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajin kwamitin iyaye a wata makaranta nan Damagaram, inda wani tsohon soja ke koya wa yaranmu maci da ladabin sansani don bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Mun yi karo-karo, kowane gida jaka biyu, kuɗin na cikin wata gwangwanin madara a ɗakina.

Rigimar ga ta. Baba mai horon ya ce kaki da takalma ne farko, yaro ba ya maci da silifas. Har ya je kasuwar Dole ya yi ciniki da tela, bai shawarci kowa ba. Malamai kuma sun dage a fara da ruwan sha da abin kari, tunda ranar Asabar wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a fili, sai da aka yi mata fifita da littafi. Ni dai a raina malaman sun fi gaskiya, amma Baba sa'an mahaifina ne, kyauta yake aikin. Da na ce, "Baba, a yi haƙuri mu zauna tukuna," sai ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kwana uku bai leƙo ba.

Kuɗin ba za su ishi duka biyun ba, ga tela na jiran kafin alƙalami. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan amana, wa ya kamata ya yanke, kwamiti ko mai horo? Kuma wa zan tura ya dawo mana da Baba ba tare da ya ji an ci fuskarsa ba?