Neman shawara: na ƙara ram, kwamfutar da ta shekara uku lafiya ta fara faɗuwa

Mai Shagon Kati:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku taimaka min, abin ya fara taɓa min sana'a.

Ina da tsohuwar kwamfutar tebur a shago, da ita nake zana katin biki da kalanda da takardun makarantu a CorelDRAW. Furosesarta Core 2 Quad Q6600 ce, bod ɗin Gigabyte GA-P35-DS3L, Windows 10 mai 64 bit. Asalin gudunta 2.4 GHz ne, amma shekara uku da suka wuce ƙanena ya shiga BIOS ya tura ta zuwa 3.2, ya kai FSB, wato gudun hanyar da ke haɗa furosesa da bod, zuwa 356. Tun daga lokacin ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba.

Makon jiya na sayo ram na hannu guda biyu, 2 GB kowane, na haɗa da biyun da ke ciki, ya zama 8 GB, ramuka huɗun duk sun cika. Tana tashi lafiya, tana nuna 8 GB ɗin. Amma da na buɗe babban aiki sai shuɗin allo ya fito, wani lokaci MEMORY_MANAGEMENT, wani lokaci IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Jiya wani dattijo yana zaune a kan benci yana jiran katin ɗaurin auren 'yarsa, na gama komai na ajiye, ta faɗi, da ta dawo fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Sai da na sake zanawa daga farko, har aka kira magariba yana jira. Na mayar wa wanda ya sayar min, ya sa su a tasa kwamfutar a gabana, suka yi aiki sumul.

Ƙanen nawa yana hidimar ƙasa a ƙauyen da babu sabis. Furosesar ce ta gaji, ko ram ɗin ne, ko ni ne na taɓa wani abu?

Ɗan Wasan Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Oga, wuta ce ta yi wa furosesar kaɗan. Ka ƙara mata ƙarfin wuta a BIOS mataki biyu ko uku, za ta tsaya. Ni haka na yi wa tawa.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa wutar furosesa tukuna. Ɗan uwa da ya yi magana a sama, shawararka tana aiki idan furosesar ce ke tangaɗi, kuma wannan yawanci da wasu saƙonni yake zuwa, irin su CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR. A nan furosesa ta shekara uku a 3.2 ba ta ce uffan ba. Abin da ya canza ram ne, kuma saƙonnin da ake gani ɓangarensa suke nunawa. Ƙara mata wuta a wannan zafin zai ƙara mata zafi ne kawai.

Malam, ka sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta. A shafin Memory ka karanta min DRAM Frequency. Sannan ka shiga shafin SPD, ka zaɓi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa min abin da aka rubuta a Max Bandwidth na kowane.

Mai Shagon Kati:
Na gode Injiniya. DRAM Frequency 356 MHz. Ramuka uku sun nuna PC2-6400, 400 MHz. Na huɗun ya nuna PC2-5300, 333 MHz. Na ciro shi na duba, takardar jikinsa ta goge, shi ya sa ban lura ba.

Injiniya:
To ga bakin zaren nan. Bari in yi bayani dalla-dalla, domin da yawa a wannan zaure suna da irin waɗannan injinan.

Q6600 lambar ninkinta 9 ce, kuma ba a iya ɗaga ta sama da haka. Asalin FSB ɗinta 266, ka ninka sau 9, ka sami 2.4 GHz. Hanya ɗaya tak ta ƙara mata gudu ita ce ɗaga FSB, shi ya sa ƙanenka ya kai shi 356, wato 3.2 GHz. Amma FSB ba na furosesa ba ne ita kaɗai. Daga gare shi ram yake ɗaukar nasa gudun. Mafi ƙarancin abin da bod ɗinka zai iya ba ram shi ne daidai da FSB, wanda a BIOS ake rubuta 2.00. Kenan duk ram ɗin da ka sa a wannan kwamfutar, so ko ƙi, aƙalla a 356 zai yi gudu, wato DDR2-712, domin a sunan ram ana ninka lambar sau biyu.

Tsofaffin naka na 800 ne, wato masu 400 MHz ɗin nan, 712 a wurinsu tafiyar hutu ce. Sabon nan guda ɗaya na 667 ne, an yi shi don 333, kai kuma kana tafiyar da shi a 356. Ka tura ram ɗin fiye da ƙarfinsa ba tare da ka sani ba. Shi ya sa ya yi aiki a wurin mai sayarwa: tasa kwamfutar ba a tura ta ba, ram ɗin yana tafiya a gudunsa na asali. Mutumin bai cuce ka ba, ram ɗin lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ko da duka huɗun na 800 ne zai iya biyo ka. A injinan LGA775, wato masu mazaunin furosesa irin naka, abin da ke sarrafa ram ba a cikin furosesa yake ba. Yana kan bod, a cikin guntun da ake kira notbirij, wanda ke ƙarƙashin ƙarfen sanyaya tsakanin furosesa da ramin katin hoto. A naka shi ne P35. AMD ta shigar da shi cikin furosesa tun Athlon 64 a 2003, Intel kuwa sai da Core i7 ta fito a ƙarshen 2008. Wannan guntun dama yana ɗauke da nauyin FSB da aka ɗaga. Da ram biyu yake magana a da, yanzu huɗu ne, kowane da ƙwayoyinsa a jiki. Jakin da ke sauri da mangala ɗaya, in ka ɗora masa ta biyu dole ka rage masa sauri ko ka ƙara masa harawa.

Ga abin da za ka yi, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin komai ka ɗauki hoton duk shafukan BIOS da wayarka. Ka shiga shafin M.I.T. a cikin BIOS, ka sauke FSB zuwa 333, ka tabbata System Memory Multiplier yana kan 2.00, ba Auto ba. Za ka sami 3.0 GHz, ram kuma 667 cif. Idan ka danna Ctrl da F1 a babban shafin BIOS, lambobin jinkirin ram za su bayyana. Ka sa 5-5-5-18, ka kai Refresh to ACT Delay 52. Sai ka sa Memtest86+, manhajar gwajin ram, a filash ka tashi da shi. Ka lura, mai alamar tarawa a ƙarshe nake nufi, domin sabon MemTest86 na injinan UEFI ne, wato sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS, naka kuwa ba shi da shi. Ka bar shi ya zagaya sau huɗu. Jan layi ko ɗaya ne, kuskure ne.

Baba Mai Gyara:
Injiniya ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da idona ya gani a benci zan ƙara. Yaro, kafin ka shiga lissafi, kashe ta ka zare waya, ciro ram huɗun. Ka sami magogin fensir mai tsabta ka goge bakin zinaren nan gaba da baya har ya yi haske, ka hure ramukan da bulowa. Ramuka biyun da ka cika yanzu sun shekara nawa a buɗe suna shan ƙurar hunturu? Na sha ganin kwamfutar da aka yi ta zargin BIOS, ashe ƙura ce ta kwanta a cikin rami kamar garin tuwo. Sannan tsofaffin biyu su zauna a ramuka masu launi ɗaya, sababbin a ɗaya launin.

Bayan ta yi aiki na rabin sa'a, ka taɓa ƙarfen da ke kan notbirij da bayan yatsa. In ba ka iya barin yatsan a kai, tana buƙatar ƙaramar fanka a wurin. Kuma wane fawa fak ne a ciki, wato akwatin da ke raba mata wuta? Bod ɗinka kafasitocinsa masu ƙarfi ne, ba su cika kumbura ba, amma na cikin tsohon fawa fak suna yi, balle in ana yawan sauya ta tsakanin wutar gari da janareta.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Yaya, ni fayil ɗin da ya ƙi buɗewa ne ya fi damuna. Shuɗin allo ai ana ganinsa. Wanda ba a gani shi ne lokacin da ram ya juya lamba ɗaya a cikin aikinka, kwamfuta ba ta faɗi ba, ta ajiye shi a haka. Duk abin da ka ajiye tun ranar da ka ƙara ram, ka buɗe ka duba, kuma ka kwafe aikin mutane zuwa wani wuri tun yau. Bayan ka daidaita ta, ka buɗe cmd a matsayin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, ko Windows ɗin kansa ya taɓu.

Ra'ayina kuma, tunda da ita kake ci da iyali, 8 GB a 3.0 ya fi maka 4 GB a 3.2 nesa ba kusa ba. Bambancin gudun bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ba za ka ji shi a CorelDRAW ba. Abin da za ka ji shi ne SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, in ba ka sa ba.

Ɗan Wasan Kwamfuta:
Na karɓi gyara, Injiniya. Tawa i5-2500K ce, lambar ninki kawai nake ɗagawa, ram bai san abin da ake ciki ba. Ban yi tunanin nasa daban yake ba.

Mai Shagon Kati:
Jama'a ga inda aka kwana. Baba, na goge na hure, ƙurar da ta fito daga ramukan nan ta ba ni mamaki. Na fara gwada Memtest86+ a 356 don in gani da idona, kafin minti ashirin allo ya yi ja. Na sauke zuwa 333 yadda Injiniya ya ce, na bar ta ta kwana, da safe zagaye huɗu babu kuskure ko ɗaya. Sai dai yau da azahar ta sake faɗuwa sau ɗaya ina fitar da kalanda zuwa PDF. Ƙarfen notbirij ɗin kuwa ba ya taɓuwa don zafi.

Injiniya:
Madalla, an rage rabin aiki. Memtest86+ ba ya wahalar da furosesa da notbirij tare yadda aikin gaske yake yi, kuma da dare ka gwada, lokacin da gari ya yi sanyi. Sauke Prime95, manhajar da ke ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi don gwaji. Ka fara da Small FFTs na sa'a ɗaya, wannan furosesa yake gwadawa, ba ya shiga ram sosai. Sannan ka yi Blend, wanda ke cika ram. Idan na farko ya wuce na biyu ya faɗi, ka san ba furosesa ba ce. Ka buɗe Core Temp a gefe don ganin zafin furosesa, in ka ga ta haura 70 ka tsayar.

In Blend ya faɗi, fara da fankar da Baba ya ce. In bai isa ba, a M.I.T. ka ƙara wa wutar MCH, wato notbirij, 0.1, mataki ɗaya kawai. Shi kuma ram, DDR2 asalin wutarsa 1.8 ce, kana iya ƙara masa 0.1, amma kada ka wuce nan da ram na hannu da ba ka san tarihinsa ba. In ta ƙi tashi bayan wani canji kada ka firgita, zare waya ka cire ƙaramin batirin da ke kan bod, CR2032, na ɗan lokaci ka mayar, sai ka sake shigar da lambobin daga hotunan da ka ɗauka.

Mai Shagon Kati:
Alhamdu lillahi. Small FFTs ya wuce, zafi ya tsaya a 66. Blend ya faɗi a minti arba'in. Na ɗaure ƙaramar fanka a kan notbirij, ya kai sa'a biyu sannan ya faɗi. Na ƙara wa MCH 0.1, ya yi sa'a takwas daga safe zuwa la'asar bai faɗi ba. Kwana uku kenan ina aiki, babu shuɗin allo. 'Yar uwa, na duba fayilolin kamar yadda kika ce, na sami guda biyu da suka lalace, na sake su kafin masu su zo karɓa.

Mai sayarwar ya ce in kawo na 667 ɗin ya canza min da na 800 idan kaya suka iso. Injiniya, in na canza, in mayar da ita 3.2?

Injiniya:
Ka karɓi canjin, ka duba PC2-6400 a CPU-Z tun kana shagonsa. Amma ka bar ta a 3.0 har damina ta sauka. Lokacin in kana so, ka hau da FSB biyar biyar, kowane hawa da Blend ɗinsa, inda ya faɗi ka koma baya mataki ɗaya. Da ramuka huɗu a cike wataƙila ta tsaya a 345 ko 350, ka bar ta a nan.

Baba Mai Gyara:
Kuma har yanzu ba ka faɗa min fawa fak ɗin ba, yaro. Ɗauko hoton takardar jikinsa ka turo.